Tsaga a Kunnen Tunkiya

Tabildi bai san sunan ubansa ba, kuma ba laifinsa ba ne. A wurinmu, mu mutanen Kazak, mace ba ta kiran sunan mijinta, yaro kuma Baba yake cewa. Yana ɗan shekara biyar aka yi yunwar nan da ta cinye Kazak, lokacin da gwamnatin Sobiyet ta kwashe dabbobin makiyaya ta ce kowa ya zauna wuri ɗaya. A gefen hanyar jirgin ƙasa aka tsince shi, kusa da wata mata da ta riga ta yi sanyi. Aka zuba shi a tarago da wasu yara, aka yi ta tafiya har Semei, gidan marayu. Aka tambaye shi sunansa, bakinsa ya ƙi buɗewa. Sai aka sa masa Tabildi, wato tsintacce.

Abu ɗaya ya zo da shi daga gida. Yana tuna wata safiya ubansa ya matse ɗan rago tsakanin gwiwoyinsa, shi kuma yana tsaye a gaba yana riƙe da haɓar ragon. Uban ya zaro wuƙa da hannun da ba shi da yatsu biyu, ya yanke bakin kunnen kamar wutsiyar tsattsewa, ya ƙara tsaga biyu a ƙasa, ya ce, duba da kyau, wannan tamu ce. Ya duba. A hagu take. Da ya girma ya zama makiyayin gandun gwamnati a gindin duwatsun Altai, aka yarda kowa ya riƙe 'yan tumakinsa, sai ya riƙa yi wa nasa wannan tsaga a kunnen hagu. Bai taɓa gaya wa kowa inda ya samo ta ba.

Ya yi aure, ya haifi ɗa guda. Ɗan ya yi aiki kusa da filin da sojoji ke gwada bom, inda ƙasa ke rawa kwanuka su faɗo daga kan kanta. Ciwo ya ci shi yana da ƙuruciya, ya bar 'ya mai suna Zere. Tabildi ne ya rene ta. Shi ya koya mata hawan doki da tatsar goɗiya, ita kuma ta koya masa shan magani a kan lokaci.

Shekara biyar bayan ƙasa ta samu 'yancin kanta, Zere ta dawo daga karatun jinya a Almati ta ce akwai wani, sunansa Dauren, mutumin Turkistan ne, danginsa za su zo.

Suka zo a lokacin kaka, su shida. Mai magana shi ne yayan uban yaron, Sagindik, ƙaton mutum mai haƙorin zinariya, irin mutanen kudu da idan suka fara magana shayi yakan huce sau uku. Aka yanka rago, aka ci, aka sha nonon goɗiya. Da aka share hannu Sagindik ya gyara zama ya jero kakannin ɗansu bakwai, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana kora tumaki shinge. Sannan ya dubi Tabildi.

"To, dattijo, ku na wane gida ne?"

"Na gidan da kake zaune a ciki."

"Gidan katako na gani, ya yi kyau. Gidan jini nake tambaya."

Tabildi ya ce shi tsintacce ne, kowa a ƙauyen nan ya sani. Sagindik ya girgiza kai kamar abin ya dame shi. Ya ce su ba su ƙi yarinya ba, sun ga hankalinta tun daga zuba shayi. Amma dattijo ya san doka, ba a haɗa jinin da ya gamu kafin kaka na bakwai. Yunwa ta watsa mutane ko'ina, su ma sun rasa nasu a kan hanya. Idan ta zama ƙanwar yaron fa, wa zai ɗauki zunubin?

"Ko rago za ka saya," in ji shi, "ai sai ka duba kunne."

Mutanensa suka yi 'yar dariya. Tabildi bai yi ba. Aka tsayar da cewa za su dawo kafin ƙanƙarar farko, lokacin da ake yanka dabbobin tanadin hunturu. In an samu amsa, a sa rana. In ba a samu ba, kowa ya riƙe nasa, kuma Sagindik bai ɓoye ba cewa akwai wata yarinya a unguwarsu da aka san kakanninta har da dokin da kowannensu ya hau.

Da suka tafi Zere ta ce ita da Dauren za su ɗaura aurensu a ofis, kamar yadda rabin Almati ke yi. Tabildi ya ce to, ta shiga gidan mutane ta ƙofar baya, duk ranar da aka yi faɗa a ce mata 'yar tsintacce, 'ya'yanta ma su gada. Washegari ta tarar ya sa babbar rigarsa ta fata yana cusa cuku da busasshen nama a jaka.

"Kaka, ina kuma za ka?"

"Duba kunne."

"Na wa?"

"Na ƙasar nan."

"Ka san girmanta kuwa? Kai da ko Semei ba ka zuwa sai na ja ka."

"Tana da iyaka," in ji shi. Ta zuba masa maganinsa a aljihu tana cewa idan ya mutu a hanya kada ya kuskura ya dawo mata.

Hankalinsa ya ba shi cewa yunwa ba ta cinye gida duka. Idan mutum ɗaya ya tsira, kuma ya sake samun tunkiya, to tsagar ubansa zai yi mata. Saboda haka kasuwar dabbobi ce wurin tambaya. Duk garin da ya sauka sai ya nemi kara, ya shiga cikin tumaki kamar mai saye, ya kamo ɗaya ta baya, ya matse ta tsakanin gwiwoyi, ya shafa kunnen hagu. Hannunsa ya fi idonsa karatu.

Ya bi kogin Irtish zuwa arewa. Duwatsu suka ƙare, ƙasa ta kwanta shimfiɗe kamar tabarma. Nan ne aka nome makiyayar kakanni aka shuka alkama, tafiyar wuni guda ba ka ganin komai sai karan alkama da hankaki. A tashoshi ya ga Jamusawa zaune kan akwatuna suna jiran jirgin da zai mayar da su ƙasar da kakanninsu suka baro. Wata tsohuwa cikinsu ta yi masa magana da harshenmu tsaf, ta ce lokacin yaƙi da aka zubar da su a filin nan cikin sanyi, matan Kazak ne suka riƙa jefo musu cuku, suna zaton duwatsu ne ake jifansu da su. Ya ba ta cuku biyu daga jakarsa. A Akmola iska ta kusa cire masa hula da kai. Mutane suna raɗe-raɗin wai nan za a dawo da babban birni, ya ce sai dai in za a ɗaure shi da igiya. Kunnuwa ya shafa da yawa a arewa. Babu tasa.

Ya gangaro Karaganda, inda ƙanƙara ma baƙa take sauka saboda kwal, inda kowane tsoho in ka tono shi ɗan fursuna ne ko ɗan mai gadin fursuna. Ya wuce tafkin Balkash. Wani mai sayar da busasshen kifi ya ce masa rabin tafkin ruwan daɗi ne, rabi na gishiri. Tabildi ya ce kamar surukai ke nan. Daga nan ƙasa ta fara ɗumi. Duwatsu masu farin kai suka sake fitowa ta kudu, mata suna shigowa tarago da bokitan tuffa, Koriyawa suna sayar da kabeji mai yaji, Uzbek suna kiran gurasa mai zafi. Kowa ya tambaye shi ina za shi, ya ce gaba. Wanda ya matsa masa ya gaya masa gaskiya, kuma bai taɓa gaya wa mutum ba tare da mutumin ya ce su ma sun rasa wani a yunwar nan ba. Aka riƙa ba shi masauki. Ba wanda ya tambayi sunansa kafin ya sha shayi.

Jirgi ya tsaya Turkistan. Ta taga ya hango shuɗin kubbar waliyyi. Gidan Sagindik yana cikin garin nan, da ya sauka da an yanka masa rago. Ya shafa addu'a daga inda yake zaune, bai sauka ba.

Aka bi kogin Sir, gonakin shinkafa da farin gishiri a kan ƙasa kamar an barbaɗa gari. Aka wuce inda Rasha ke harba roka sama, raƙuma suna kiwo a gindin waya ba ruwansu. A Aral ya sauka ya tambayi teku, aka nuna masa yashi. Jiragen ruwa na nan a kwance sun yi tsatsa, awaki suna shan inuwarsu. Wani tsohon masunci ya ce an sha ruwan tun daga sama don a noma auduga, tekun ya tafi bai yi sallama ba, amma shi yana nan yana gyaran komarsa ko zai dawo. Tabildi ya ga hankali a maganar.

A Shalkar ya gamu da wata mata mai baki. Tana tsaye cikin tumakinta da sanda, ɗankwali ya zame, sunanta Kulzifa. Ya kamo tunkiya, ya matse, ya shafa hagu. Lafiyayyen kunne, ba tabo. Hannunsa ya zame kan na dama, sai ya ji wutsiyar tsattsewa da tsaga biyu. Ya sake shafawa. Dama ba hagu ba ce. Duk makiyayi ya san tsaga ɗaya a kunne biyu gida biyu ne, an sha zubar da jini a kan abin da bai kai haka ba.

"Baba, saye za ka yi ko sirri kake gaya mata?" in ji matar.

"Dubawa nake."

"To duba da ido. Kunnen ba na aro ba ne."

Ya saki tunkiyar ya wuce.

Ya ci gaba yamma har inda ciyawa ta ƙare, ƙasar raƙuma da duwatsun alli da rijiyoyin mai masu sunkuyawa suna ɗagowa kamar masu gaisuwa. Mutanen can suna kaɗa molo da sauri kamar doki a guje, ba kamar na gabas da ke tsinkar tsirkiya a hankali ba. Suka shayar da shi nonon raƙumi, suka buɗe masa garkunansu. Ya shafa, ya shafa. Wata rana hanya ta kai shi bakin tekun Kasfiya, ya tsaya, ruwa yana dukan takalminsa. Ya tuna ya ce wa Zere ƙasa tana da iyaka. Ga ta nan. Iska ta fara cizo, agwagin ruwa suna wucewa kudu. Maganinsa ya ƙare, gwiwarsa ta kumbura. Ya juya.

A hanyar dawowa jirgi ya lalace a Shalkar, aka ce sai an kawo wani kan jirgin. Ranar kasuwa ce. Ba don ya duba komai ya je kara ba, ƙafarsa ce ta saba. Da ya isa gwiwar ta ƙi ɗaukarsa, ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da shinge. Tun da ya girma bai taɓa zama a ƙasa gaban tunkiya ba. Makiyayi a tsaye yake, ko a kan doki, ko a bayanta.

Wata tunkiya ta zuro kai ta shinge tana sunsunar jakarsa, warin cuku ya jawo ta. Ya kama haɓarta zai ture. Fuskarta daidai tasa. Sai ya ga wutsiyar tsattsewa da tsaga biyu, a wajen hannunsa na hagu, daidai inda ya gan ta yana yaro.

Ya daɗe riƙe da haɓar. Ranar nan shi a gaba yake tsaye, ubansa a baya. Hagunsa damar ragon ce. Kusan shekara hamsin yana yanka kunnen da ba shi ba.

"Kai ne kuma, Baba?" in ji Kulzifa daga bisa kansa. "Yanzu sumba ta kai ku?"

"'Yar nan, tsagar nan ta wane gida ce?"

"Ta gidan mijina. Ka ga ta ɓarayi ce?"

"Akwai tsoho a gidan?"

Ta buɗe baki za ta ƙara wata, ta ga fuskarsa, ta fasa. Ta bar wa maƙwabciyarta tumakin, ta ɗora shi a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar ciyawa.

Surukinta Jarilgaf ya haura tamanin, ido ya tafi, kunne da kai suna nan. Bai tambayi komai ba sai da baƙo ya sha shayi. Tabildi ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice. Tsohon ya ce tsagar ta kakansa Kuttibai ce, 'ya'yansa huɗu suka gaje ta. Uku ya san inda aka binne su. Na huɗu, ƙaramin, ya ɗauki matarsa da ɗansa shekarar yunwa ya nufi hanyar jirgi, an ce ana raba hatsi a can. Ba wanda ya sake ganinsu. Amma ya ce ba kai ne na farko da ya zo neman dangi da labari mai daɗi ba. Me ka sani game da mutumin?

"Hannun da yake riƙe wuƙa ba shi da yatsu biyu. Ƙaramin da na kusa da shi."

Tsohon ya ajiye kwaf ɗinsa a hankali. Ya ce sanyi ne ya ci su, shekarar da ya tono tumaki daga cikin ƙanƙara da hannu. Ya miƙo tafukansa ya lalubi fuskar Tabildi, goshi, hanci, gemu.

"Esenjol sunan ubanka. Kai kuma Amangos. Ni na goya ka a kan raƙumi, ka yi mini fitsari a wuya, ban manta ba."

Kulzifa ta fita da gudu tana kiran mutane su ba ta tukuicin albishir. Kafin la'asar gida ya cika. Aka yanka doki. Tsofaffin mata suka yi kukan waɗanda suka tafi, sannan suka share hawaye suka hau yi masa dariyar kunnen hagu, har aka ce a bar masa tsagarsa, ya zama kakan wani sabon gida, gidan Bahago. Jarilgaf ya zaunar da shi kamar ɗan makaranta ya riƙa faɗa yana maimaitawa, sai da sunayen suka zauna masa a baki. Da zai tafi suka ɗaure masa rago, suka haɗa shi da mutum huɗu, har da Kulzifa, wadda ta ce ita ce ta tsinci tsintaccen, ba za a yi biki ba ita ba. Mai kula da tarago ya ce ba a shiga da rago. Aka gaya masa labarin. Ya buɗe ɗakin ajiyar kwal ya ce nan ba tarago ba ne.

Sun iso gida ƙanƙara ta rufe kan Altai amma ba ta sauko ƙauye ba. Zere ta tsaya a ƙofa tana kallon baƙi, tana kallon ragon da ya yi baƙi ƙirin da kwal.

"Kaka, kunne ka ce za ka duba."

"Na duba. Ga masu shi. Gaishe da iyayenki."

Ranar da Sagindik ya dawo da mutanensa ya tarar ɗaki cike da fuskokin da bai sani ba, masu ƙunar rana irin ta yamma. Aka ci, aka sha. Ya gyara zama, amma Tabildi bai jira tambaya ba.

"Sunana Amangos, ɗan Esenjol, ɗan Kuttibai, ɗan Orazali, ɗan Jankara, ɗan Tolebai, ɗan Mambet, ɗan Karabas. 'Yan ƙabilar Shekti ne mu, daga Shalkar. Duba cikin naku, in akwai wanda ka sani."

Sagindik ya juya sunayen a baki. Babu inda suka gamu, ko ƙabilar ma ba ɗaya ba. Ya yi dariya haƙorinsa ya haska, ya ce ai shi tun farko ya ga alamar asali a zaman dattijo. Kulzifa ta ce ashe idon mutanen kudu yana gani, bakinsu ne kawai ke rigan shi isa. Aka sa rana.

Sai aka shigo da kan ragon Shalkar a faranti aka ajiye gaban babban baƙo, yadda aka saba. Sagindik ya yanki kaɗan a kunci ya ɗanɗana, sannan ya ɗauki farantin da hannu biyu ya mayar gaban mai gida, ya ce wanda ya taka ƙasar nan daga dutse zuwa teku shi ya cancanci rabawa. Tabildi bai yi musu ba. Ya ba Zere ganɗa don bakinta ya yi daɗi a gidan miji. Ya ba Dauren ido ɗaya ya ce ya kula da ita. Saura kunne, wanda yara ake ba don su riƙa jin magana. Yaran gida suka matso. Ya yanke na dama, mai wutsiyar tsattsewa da tsaga biyu, ya tsallake su ya miƙa wa Sagindik.

"Ungo, suruki. Kai ka ce a duba."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Sagindik ya ɗaga kunnen ya juya shi gaba da baya, ya ce ya duba, ba aibi. Ya cinye.

Da bazara tumaki suka haihu. Tabildi ya matse ɗan rago na farko tsakanin gwiwoyinsa, ya zaro wuƙa, ya kama kunnen dama.